Magini ko Injiniya? Nasiha Ga Mai Shirin Sayen Gida a Sofoline

Ɗan ƙanwata ya yi shekara goma sha ɗaya a Hamburg yana aikin dare, yana ƙulle abin da ya samu. Da hunturu ya sauka Kumasi da niyya guda, ya sayi gida ya fitar da mahaifiyarsa daga ɗakin haya. Kwana huɗu da saukarsa sai ga wayarsa, murya cike da murna.

"Kawu, an dace! Bayan gadar Sofoline ne, in ka gangara ta wajen Kwadaso. Ɗaki huɗu da falo, sabon fenti, tayil har jikin bango. An ma riga an zuba dakin, wato rufin kankare, ga rodi nan a sama yana jira. In na huta sai in ɗora bene."

Na ce masa barka, amma wa ya duba maka? Ya ce ejan ya zo da wani magini, ya zagaya, ya bubbuga bango, ya ce gidan nan har jikokinka. Na ce to, wa ya ba maginin kuɗin mota? Sai na ji shiru a wayar.

Shirun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawanku, samarinmu da 'yan matanmu na Zongo, kun kai munzalin da ake maganar gida. Wasu 'yan boga ne masu aiko da kuɗi daga Jamus ko Bronx, wasu kuma a nan Kejetia da Adum suka tara nasu, sidi kan sidi, cikin rana da ruwa. Aboabo ta cika, Asawase ta cika, Sabon Zongo da Alabar ba wurin miƙe ƙafa, shi ya sa idonku ya koma yamma. Ban ga laifinku ba. Sofoline ƙofar gari ce. Nan hanyar Sunyani ta bi ta Abuakwa, nan ake hawa motocin Nkawie da Bibiani, ga kwalejin Prempeh da ke wurin tun 1949, ga asibitin Komfo Anokye ba nisa. Gadar da aka fara a 2007, zamanin Kufuor, ta sha jinkiri har mutane suka gaji da ƙorafi, amma tun da motoci suka fara bin ta ƙasar wurin ta yi daraja. Inda ƙasa ta yi daraja kuwa, nan ake shafa wa tsohon gini hoda a aurar da shi.

Waɗanda suka zauna a Amurka sun san wata sana'a da ake kira duba gida. Kafin a kammala ciniki, mai saye zai ɗauko mutum wanda aikinsa ke nan, ya yi awa biyu ko uku yana bin gidan tun daga rufi har ƙasa, ya kunna kowane famfo, ya gwada kowane soket, ya leƙa cikin silin, sannan ya rubuta rahoto da hotuna. Suna da ƙungiyarsu tun 1976, kuma jihohi da yawa ba sa barin mutum ya yi aikin sai da lasisi. Sai dai ko a can, mai duba gida da ido yake aiki. Ba ya fasa bango, ba ya tona tushe. In ya ga tsagar da ba ta kwanta masa ba, abin da zai rubuta shi ne a nemo injiniya. Ya san inda gonarsa ta tsaya.

A wurinmu sana'ar ba ta kafu ba tukuna. Wanda ke zaune a gurbinta shi ne tsohon magini, a haɗa masa da mai wayarin da mai gyaran famfo. Don haka in matashi ya tambaye ni, "Baba, mai duba gida zan kira ko injiniya?", na san ainihin tambayarsa ita ce: magini ya isa, ko sai na kashe kuɗi a kan mai digiri? Amsata kullum tambaya ce. Me kake tsoro a gidan? In tsoronka yoyo ne da gara da masai mai dawowa, wannan aikin wani ne. In tsoronka kada abin ya sauko a kan mahaifiyarka tana barci, wannan kuma aikin wani ne daban. Wanda bai rarrabe tsoronsa ba, shi ke kiran mutum ɗaya ya ɗora masa tambaya biyu, ya samu amsa rabi ya ɗauka ya gama.

Bari in fara da magini, don ba na son ku raina shi. Washegarin wayar ɗan ƙanwata na ɗauki wani dattijo da na sani tun ina yaro, mutumin da ya fi shekara arba'in yana riƙe da cokalin gini, muka tafi da yaron. Bai ko shiga gidan ba da farko. Ya tsaya a bakin titi yana kallon yadda ƙasa ta gangaro, ya bi kwata da ido har inda ta ɓace cikin ciyawa, sannan ya tsallaka wurin wata mai koko da ƙosai da ke gefen katanga. Ya sayi koko ya zauna. Cikin hira ta gaya masa cewa duk watan Yuni sai an ɗora katifu a kan tebur a gidan nan, kuma masu hayan da suka tashi ba don son ransu suka tashi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, maƙwabci kuma shi ke jin ihun. Kuɗin kokon nan ya fi duk abin da muka kashe ranar amfani.

Ku riƙe wannan da kyau: Kumasi garin ruwa ne. Damina biyu muke yi, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya kai wajen milimita 1,400, fiye da ninki biyu na abin da Maradi ke samu. Garin duk tudu ne da kwari, kowane kwari da ƙoramarsa, kuma an cike bakin ƙoramu da yawa da jar ƙasa da shara an yanka fuloti. A watan Janairu kowane gida lafiyayye ne. Iska ta busar da bango, fenti ya kama, ejan yana murmushi. Ba banza ba ne gidajen sayarwa suka fi sheƙi a lokacin da 'yan boga ke zuwa hutun ƙarshen shekara. In da hali, ka ga gidan da kake so washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba hali, nemi mai koko.

Da muka shiga, tayil ɗin da ya burge ɗan ƙanwata shi ya fara ɓata wa dattijon rai. An liƙa shi a jikin bango daga ƙasa har ƙugu, ciki da waje. Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin an ɗaure ƙafar da ba ta da ciwo?" Ya sa tafin hannu a saman layin tayil ɗin, fenti ya kumbura, ya ɓare shi da farce sai ga farin gishiri. Danshi ne ke hawa daga ƙasa, saboda ba a shimfiɗa baƙar ledar da ke tare shi ba lokacin da ake zuba daɓe. Tayil ba ya kashe danshi, tura shi sama kawai yake yi. Daga nan ya ciro mabuɗi daga aljihu ya karci bulo a inda fulasta ta ɓalle, yashi ya zubo kamar gari. Masu buga bulo sukan ja buhun siminti ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, kuma mabuɗi ba ya ƙarya. Ya sa aka zuba bokitin ruwa a banɗaki, ruwan ya nufi ƙofa maimakon magudana. Ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, biyu suka cije. Ya auna taku nawa ne tsakanin rijiya da sokawe, ya girgiza kai.

Sai ya sa yaronsa ya hau cikin silin ɗin ɗakin girki, wanda shi kaɗai aka rufa da kwano. Yaron ya leƙo ya ce, "Baba, wawa ne." Ɗan ƙanwata ya ɗaure fuska, ya zaci da shi ake. Wawa sunan itace ne da yaren Twi, fari mai laushi mai araha, wanda ya dace da katakon zuba kankare amma gara ke cinsa kamar burodi. Odum shi ne mai tauri, shi ne kuma mai tsada, kowa ya je kasuwar katako ta Sokoban zai ji bambancin a aljihunsa. Na sha cewa duk wanda ya raɗa wa itacen nan suna, da Bahaushe ya yi shawara.

Wannan duk ilimi ne na gaske, kuma ba a jami'a ake samunsa ba. Injiniya mai digiri biyu zai iya wuce rabin abubuwan nan bai kula ba, don ba su ya zo nema ba. Haka wayarin: a nemo wanda ke da takardar shaida daga Hukumar Makamashi, wadda dokar 2011 ta ɗora wa tantance masu wannan aiki, ya buɗe akwatin fis ya ga kaurin wayar da kuma ko akwai wayar ƙasa. A tambayi mita, ta waye, kuma kamfanin lantarki na ECG na bin ta bashi ko a'a. Duk abin da waɗannan mutane suka gano, kuɗi ne za ka zare daga farashi a teburin ciniki.

Amma da muka hau kan dakin, dattijon ya tsaya gaban rodin da ya tsiro, ya kama ɗaya ya girgiza, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauko ya nuna mana wata tsaga a bangon baya, wadda ta taso daga kusurwar taga ta haura a karkace kamar matakala, samanta ya fi ƙasanta faɗi. An cusa mata siminti an shafe, ta sake buɗewa. Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, nan gonata ta ƙare. Ku kira masu lissafi."

Maganar nan ce ta sa nake girmama shi. Maginin da ba ya taɓa cewa ban sani ba, ka guje shi. Ilimin magini na gado ne da sabo: haka muka ga ana yi, haka muka yi, kuma bai faɗi ba. Yana da amfani matuƙar gidan irin wanda ya saba ne. Amma ba ya ganin cikin fila. Ba zai iya gaya maka nauyin da ƙasar wurin za ta ɗauka ba, ko ya lissafa ton nawa hawa na biyu zai ƙara wa tushe. Kuma in ya ce maka "ba komai" abin ya zama komai, ba takardar da za ka riƙe, sai dai ka je gaisuwa ka ji an ce ƙaddara ce. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: magini mai neman aiki yana da riba ko ta wane gefe. In ka saya shi zai yi gyara, don haka bakinsa na iya karkata wajen ka saya.

Akwai dalilin da ya sa gidajen Kumasi suka fi buƙatar masu lissafi fiye da yadda ake zato. Ba a gina su a zama ɗaya. Mutum zai zuba tushe bana, ya bar shi shekara uku ciyawa ta rufe, ya samu kuɗi ya kai linta, ya sake tsayawa, wani magini ya mutu wani ya gaje shi, rodi na tsaye yana shan ruwan damina shida. Sau da yawa mai ginin yana ƙasar waje, ƙaninsa ke riƙe da kuɗi, kuma siminti buhu ɗari a waya yakan zama sittin a fili. Kankare yana son a riƙa shayar da shi ruwa a kwanakin farko, ba ya kuma kai ƙarfin da aka auna masa sai ya kwana 28, amma wa ya tsaya ya ga an yi? Gida ɗaya sai ka tarar da hannu biyar a cikinsa, kowanne da irin tsoron Allahnsa. Fulasta da fenti suka haɗa su suka zama abu guda a ido.

Ba doka muka rasa ba. Akwai dokokin gini na ƙasa tun 1996, aka kuma ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na Gana a 2018. Duk da haka ku tuna safiyar 7 ga Nuwamba 2012, lokacin da benen da kantin Melcom ke ciki a Achimota, a Akra, ya zube, mutum 14 suka rasu. Abin da nake so ku lura da shi a labarin shi ne kamfanin ba shi ya gina benen ba, haya ya karɓa. Bayan abin ya faru ne aka ji cewa ginin ba shi da famit, injiniyoyi kuma suka ce kankaren ba shi da ƙarfi. A Oktoban 2020 wani ginin coci da aka yi shekaru ana ɗora shi kaɗan-kaɗan ya rufta a Akyem Batabi, mutum 22 suka tafi. Wanda ya shiga ginin wani ya gaji ha'incin wani, kuma kankare ba ya tambayar wa ya kwaɓa shi kafin ya sauko.

To, wane injiniya? Nan ma sai an yi hattara, don a garin nan kowa injiniya ne. Mai gyaran mota a Suame Magazine injiniya ne, mai gyaran waya a Adum injiniya ne, foman da ya sayi farar hular kwano shi ma haka yaransa ke kiransa. Wanda kake nema shi ne injiniyan gine-gine wanda ya ƙware a lissafin ƙarfin gini, mai rajista da Ƙungiyar Injiniyoyi ta Gana, a ƙarƙashin dokar Majalisar Injiniyoyi ta 2011. Ka tambaye shi lambar rajistarsa da hatiminsa. Na gaske ba ya jin haushin tambayar, na bogi ne ke cewa ka raina shi. Kuma mu mutanen Kumasi ba mu da uzuri, jami'ar KNUST na nan cikin garinmu tana yaye su, ga cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi a Fumesua mai ɗakin gwaje-gwaje. Mutanen wasu garuruwa sai sun yi tafiya kafin su samu abin da muke wucewa a taksi.

Wanda muka samu matashi ne, bai fi ɗan ƙanwata da yawa ba, har na ga dattijon na yi masa kallon wannan me ya sani. Abin da ya fara nema shi ne zanen ginin. Babu. Famit? Ejan ya ce yana wurin mai gida, mai gida ya ce yana wurin ɗan'uwansa. Sai ya sa lebura biyu suka tona rami a gefen tushe, a ɓangaren da tsagar take. Ba su yi nisa ba sai ga ƙarshen tushen, a ƙarƙashinsa kuma baƙar ƙasa mai laushi gauraye da ledojin ruwa da tsumma. Ashe kusurwar gidan a kan tsohuwar bola take zaune. Ya ciro wata 'yar guduma mai sifirin da ake dannawa a jikin kankare, ƙarfin dawowarta ya nuna taurinsa, ya bi filolin ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Ya goga wata na'ura mai gano ƙarfe a cikin bango. A wasu filolin rodi huɗu ne masu milimita 12, wato rabin inci a bakin magina. A biyu daga cikinsu kuwa na'urar ta yi shiru daga ƙasa har kusa da sama. Bulo ne aka jera aka yi masa fulasta ya yi kama da fila, aka dasa guntayen rodi a kansa don mai saye ya ɗaga kai ya ga bene a mafarkinsa.

Bayan kwana biyar ya kawo rahoto, da sa hannu da hatimi. Bai ce gidan zai faɗi gobe ba, kuma wannan ya ƙara min yarda da shi, don akwai masu tsoratarwa don a ga sun yi aiki. Ya ce in aka ƙarfafa tushen kusurwar nan aka gyara hanyar ruwa, za a iya zama a ciki yadda yake. Amma ko ɗaki ɗaya kada a ɗora a sama, ko tankin ruwa babba ma a yi masa ƙafafunsa daban. Ka ga ke nan kuɗin da aka sa wa gidan kuɗin bene ne, abin da ke ƙasa kuwa ko kusa. Duk abin da muka biya injiniyan da leburorinsa bai kai kuɗin tayil ɗin falon ba.

Ba kowane gida ne ke buƙatar wannan ba, kada ku ce na ce. Gida mai hawa ɗaya, mai rufin kwano, a kan tudu mai jar ƙasa, wanda ya yi shekara ashirin bangonsa bai motsa ba, kuma ba ka da niyyar taɓa shi, magini nagari da mai wayarin sun ishe ka. Siraran tsagogi kamar gashi a jikin fulasta ba abin tashin hankali ba ne, bushewa ce. Amma in gidan bene ne, ko an zuba dakin, ko a ranka akwai ɗori, to kuɗin injiniya na cikin kuɗin gidan. Na san da yawanku lissafin da kuke yi ke nan: jami'a na Tanoso, ɗalibai na neman ɗaki, a ɗora hawa biyu a zuba su. 'Ya'yan mutane ne za su kwana a wurin. Haka in za ka fasa bangon gaba ka fitar da shaguna, kamar yadda ake yi a duk bakin titi daga Sofoline zuwa Abuakwa, domin wani bangon ba rabe ɗaki kawai yake yi ba, kaya yake ɗauke da shi. Haka kangon da ya daɗe a buɗe, da gidan da ke kwari, da tsagar da ta karkace ko tsabar kuɗi ke shiga cikinta, da ƙasan dakin da ya yi jan tabo na tsatsa ko ya fara zubar da ɓawo.

Kafin duk wannan akwai takarda, kuma ita ya kamata a fara da ita don kada a yi wahalar banza. Gidan da ya fi kowane ƙarfi ba shi da amfani in ba na mai sayarwa ba ne. Yawancin ƙasar Kumasi ta sarauta ce, a ƙarƙashin Asantehene. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa saye na har abada, haya ce ta dogon zango, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba ya wuce 50. Wanda ya ajiye fasfon Gana ya ɗauki na wata ƙasa ya kula da wannan. Tsohon gida kuma a tambayi shekara nawa suka rage, don agogon ya daɗe da fara tafiya. Takardar rabon fili da sarkin yanki ya bayar mafari ce kawai. A bincika a ofishin filaye na Asantehene a Manhyia, a bincika a Hukumar Filaye, a ɗauko safiyo mai lasisi ya tabbatar zanen filin da ke takarda shi ne wanda kake tsaye a kai, kuma bai shiga hurumin titi ko na ƙorama ba. A leƙa majalisar Kwadaso, wadda aka ware daga ta Kumasi a 2018, a ji labarin famit da harajin gida. Sabon fenti a katanga wani lokaci jan rubutun hukuma yake rufewa. In gidan dangi ne na Asante, mutum ɗaya ba ya sayar da shi ba da yardar shugaban dangi da manyansu ba. In gidan gado ne na Musulmi, a ga magada duka, har matan da ke aure a wani gari. Dokar filaye ta 2020 ma ta ce fili ko gidan da aka saya cikin aure ba a sayar da shi sai da rubutacciyar yardar abokin zama. Wannan gonar lauya ce, ba ta magini ko injiniya ba.

Yanzu ga abin da na san ya fi duk waɗannan wuya a wurinku, wato kunya. Mai gidan dattijo ne, sahu ɗaya kuke sallah, ko abokin mahaifinka ne. Yaya za ka kawo mutum ya tona masa tushe kamar ka ce maƙaryaci ne? Na san nauyin. Amma ku tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce mai sayar da abinci a kasuwa, bai tsaya ga kallon saman tsibin ba, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya kuma tsawata wa mai kayan a kan ɓoyewa. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan aibin da aka ɓoye a ciniki da haƙƙin mai saye. Dubawa ba zargi ba ne. Sau da yawa ma mai gidan bai san abin da ke cikin filarsa ba, shi ma cutarsa aka yi yana Italiya. Ka je da ladabi ka ce, "Baba, kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma tsohuwa ce za ta zauna. Ka yi min izini a duba don hankalin kowa ya kwanta." Mutumin kirki zai ce bismilla. Wanda ya hau faɗa kuwa ya ba ka rahoto kyauta.

Sai ejan. Ba na zaginsu, sana'a ce, har doka aka yi mata a 2020. Amma ladansa na rataye ne a kan a yi ciniki, in ba a yi ba ya tashi a tutar babu. Don haka duk wanda ya kawo maka, magini ne ko injiniya ko lauya, daga tukunyarsa yake ci. Naka mai dubawar kai za ka nemo, kai za ka biya, a kuma yanke kuɗinsa tun farko, ko ka saya ko ka fasa. Za ka ji an ce wani boga zai kawo kuɗi gobe da safe. Wannan bogan ya daɗe yana zuwa gobe da safe, tun ina saurayi nake jin labarinsa. In kana waje ba za ka iya zuwa ba, kada wanda ya samo maka gidan ya zama shi ne zai samo mai dubawa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Raba aikin gida biyu, ka ce a kira ka ta bidiyo lokacin da ake tona ramin, a aiko maka da rahoton kai tsaye daga hannun wanda ya sa hannu. Ku kuma 'yan mata da iyayenmu mata 'yan kasuwa, kada a ce muku wannan maganar maza ce ku jira a mota. Kuɗinku ne, ku shiga ku tambaya har sai kun gane.

Ɗan ƙanwata ya kai wa mai gidan rahoton, ya nemi ragi daidai da abin da aka gano. Aka ƙi. Ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai, don ya riga ya nuna wa mahaifiyarsa hoton falon. Daga baya ya samu wani a Asuoyeboa, tsoho, mai rufin kwano, fentinsa ya koɗe, ba tayil ko ɗaya a bango. Dattijon ya zagaya shi ya lissafa kwano goma sha biyu da za a sauya da sokawe sabo, ya ce wannan ba sai an kira masu lissafi ba. Aka zare kuɗin gyaran daga farashi. Ƙanwata na can yanzu, ta shuka gauta da albasa a bayan ɗaki.

Makon jiya na bi ta gangaren Kwadaso a taksi, na ce wa direba ya rage gudu. An sayar da gidan farko. Mai kokon na nan a wurinta. An tara bulo a kan dakin, jeri biyar sun riga sun hau, wani yaro na miƙa kwanon siminti sama.